Yadda ake zaɓen ƙwaƙwalwar injin turbo da tsara kuɗin aikin, ga masu neman doki da yawa a Garwa da kewaye

Salamu alaikum 'yan uwa masu son mota. Satin da ya wuce wani yaro ɗan unguwarmu ya shigo garaj da kwali a kafaɗa yana ta murmushi, ya buɗe sai ga turbo ƙato wanda aka kawo masa daga Dubai, yace kawu wannan zaka ɗaura min a Golf ɗina, so nake ta kai doki 400. Nace to madalla, nawa ya rage a hannunka? Yace sefa dubu 150. Wallahi tausayinsa ne ya kama ni, don abin da ya fara saye shi ne na ƙarshe a layi, kuma abin da ya rage masa ko injekta masu kyau ba zai saya ba balle sauran. Shi yasa na zauna zan jera muku yadda ake bin aikin nan daki-daki.

Da farko ka tsayar da lamba, kuma ka faɗa wa kanka gaskiya me zakayi da motar. Doki nawa? Motar zuwa kasuwa ce da kai iyali Marwa ranar sallah, ko kuwa ta wasa ce da ake fitowa da ita ranar Lahadi? Wannan lambar ita zata yanke girman injekta da famfon mai da ambiriyaj da irin ƙwaƙwalwar da zaka saya, wato kwamfutar da ke sarrafa mai da wutar injin, in baka tsayar da ita ba komai sau biyu zaka saya. Sannan ka san iya ƙarfin injinka. 2JZ-GTE na Supra da Aristo bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne, yana ɗaukar doki 500 ba tare da an buɗe cikinsa ba in karto, wato saitin mai da wuta da ake zuba wa ƙwaƙwalwa, mai kyau ce. 1JZ-GTE mai turbo biyu na Mark II da Chaser shima jarumi ne amma fankar turbonsa na asali ta tangaran ce, ka wuce ba 1 (bar, wato ma'aunin matsi) na matsin iska tana iya farfashewa ta bi salansa. 1.8T na Golf 4 biyel ɗinsa ne ke lanƙwashewa in ƙarfin juyi yazo da yawa a ƙasan rpm, Subaru EJ25 kuma gefen fiston inda ringi ke zama ne ke tsagewa. Kafin ka kashe ko dala a gwada kwamfireshan na kowane silinda, kar bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100, a duba matsin baƙin mai da geji na gaske idan injin yayi zafi, a duba ko ruwa na raguwa. Injin da ke shan baƙin mai ko yana hayaƙi shuɗi gyara yake nema tukuna, turbo babba kashe shi kawai zaiyi.

Abu na biyu, kuma anan ne zan daɗe don shi ne ya bambanta mu da mutanen da kuke kallo a YouTube, shi ne man da muke sha da zafin garinmu. Yawancin karto da ake sayarwa a intanet an yi su ne don fetur mai oktan (ma'aunin jurewar mai ga matsi da zafi) 98 ko aƙalla 95, a ƙasashen da zafin rana 25 yake. Mu kuma a Maris da Afrilu Garwa na wuce 40, Kusiri da Njamena ma sun fi, kuma man da ke tankinka yau na gidan mai ne gobe zuwa-zuwa ne na kwalba a bakin hanya wanda ba ka san da me aka gauraya shi ba. Turbo in ya matse iska ba 1 yana ƙara mata zafi kusan digiri 95, wato iskar da ta shiga da 42 zata fito wajen 135 zuwa 140 kafin ta isa intakula, wato radiyaton da ke sanyaya iskar turbo. Iska mai zafi da mai mai rauni su ke haifar da kiliketi, wato man ya fashe da kansa ba a lokacin da buji ya bashi wuta ba, sai kaji wani ƙas-ƙas siriri kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani, wani lokacin ma ƙarar salansa bata bari kaji, kuma shi ke cinye fiston.

Ni a jikina na koya. Golf 4 ɗina mai 1.8T, wani mai laftof ya zuba min fayil da ya sauke, mota ta tashi kamar aljana, wata biyu ina jin daɗi. Ranar da zamu Ngaundere biki cikin Afrilu mu biyar a mota ga kilim a kunne ga zuwa-zuwa da na ƙara a hanya, muna hawan falez ɗin Mbe na taka don in wuce wata kamiyo, sai naji motar tayi sanyi silinda ɗaya ta mutu, farin hayaƙi ya cika madubi. Da muka sauke kan silinda fiston na uku gefensa ya zaizaye kamar ɓera ya gatsi sabulu, bujinsa fari fat. Ƙwaƙwalwar tayi iya yinta tana janye wuta, wato tana jinkirta lokacin da buji ke bada wuta, har ta kai iyakarta, famfon mai tsoho ya kasa, karton kuma ba don man nan aka yi shi ba. Saboda haka ka ɗauka man ka oktan 91 ne koda daga gidan mai ka saya, ka sa a yi saiti akan haka, dokin da zaka rasa bai kai kuɗin injin ba.

Na uku, ka nemi mai yin karto kafin ka nemi ƙwaƙwalwa. Nasan abin zai zo wa wasu a juye amma haka yake. Ƙwaƙwalwa ta miliyan biyu a hannun wanda bai san manhajarta ba bata kai ta dubu 300 a hannun wanda ya ƙware ba. Yawancinmu daga nesa ake mana, mutum yana Afirka ta Kudu ko Faransa ko Poland, kai ka haɗa laftof kayi tafiya ka ɗauko log, wato bayanan yadda injin yayi aiki a tafiyar, ka tura masa ta WhatsApp ko imel ya gyara ya dawo maka da shi, ko ya shiga laftof ɗinka ta AnyDesk in intanet ya yarda. Ka tambaye shi wace ƙwaƙwalwa yake aiki da ita kullum, ya taɓa yin irin injinka, zagaye nawa na gyara ke cikin kuɗin, kuma zai sa wa fayil ɗin kwaɗo ko zai bar maka a buɗe. Wannan na ƙarshen kar ka ji kunyar tambayarsa, don in ya kulle kuma ya daina ɗaukar waya shikenan sai a fara daga sifiri. In ka faɗa masa oktan 91 da zafi 43 bai nuna damuwa ba, nemi wani.

Toh yanzu ƙwaƙwalwar kanta, wadda makanikanmu ke ce wa kalkilato, 'yan Najeriya suce biren bos. Hanya uku ce.

Ta farko a sake rubuta ta asali. In motarka ta zamani ce, Golf 5 ko 6 GTI, BMW 335i mai N54, Mercedes mai CGI, wato masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, to wannan ce hanyarka kusan dole, don dashbod da ABS da bwat otomatik da makulli duk suna magana da ƙwaƙwalwar ta layin CAN, ka cire ta motar ta zama kurma. Kuma Bosch sun kashe shekaru akan tashin sanyi da kilim da tsaron kiliketi, ba ƙaramin abu bane zaka yar. Ita ce mafi sauƙin kuɗi. Sharaɗi ɗaya, a karanto fayil ɗin motarka na asali a adana shi wuri biyu kafin a taɓa komai, kuma a yi karto don motarka da man ka, ba wanda aka kwafo daga motar wani bature ba. Lokacin zubawa batir ya zama cike ko a jona caja, wuta ta faɗi a tsakiya ƙwaƙwalwa na iya mutuwa.

Ta biyu ita nake kira 'yar goyo, ƙaramin akwati da ake goya wa ta asali yana canza abin da sensa ke faɗa mata, irinsu Unichip na Afirka ta Kudu da GReddy e-Manage da JB4. Tana da amfani in ƙarin kaɗan kake so ko ta asalin bata buɗuwa, amma yaudarar ƙwaƙwalwa takeyi, in ka rage abin da sensar iska ke faɗa don manyan injekta su daidaita sai ta asalin ta ɗauka injin baya ɗauke da kaya ta ƙara wuta, kaga an kira kiliketi da hannu. Ga mai neman ninka doki ban bada shawararta ba.

Ta uku mai cin gashin kanta, a cire ta asali gaba ɗaya. Wannan ta tsofaffin injuna ce da waɗanda aka ɗauko daga wata mota aka dasa a wata, JZ a cikin Mercedes 190 ko Hilux misali. Haltech da MoTeC 'yan Ostareliya ne, Link 'yan New Zealand, ECUMaster daga Poland, MaxxECU daga Sweden, FuelTech daga Brazil, akwai kuma Spitronics da Dicktator na Afirka ta Kudu masu sauƙin kuɗi, da Speeduino da aka gina akan Arduino wanda allonsa na yau da kullum layi huɗu ne na injekta huɗu na wuta, in silinda shida ne sai a haɗa su bibbiyu. Kar suna ya ruɗe ka, ɗauki takarda ka ƙirga. Injekta nawa, koyil nawa, akwai VVT-i (tsarin Toyota mai canza lokacin buɗewar bawul), totur na waya ne ko na lantarki, fanka, famfon mai, solenoyid na bust (bust shi ne matsin iskar da turbo ke bayarwa), kilim. Ka ƙirga abin da ke shiga da abin da ke fita ka bar rarar biyu ko uku. Ka tabbatar ta san haƙoran karanshaf ɗinka, na Bosch 60-2 ne, wato haƙora 60 an cire biyu, JZ mai VVT-i 36-2, tsohon JZ haƙori 12. Bayan haka abubuwan da bazan sayi ƙwaƙwalwa babu su ba a ƙasar nan: tana jin sensar kiliketi ta janye wuta da kanta, tana karanta waidiban, wato sensar salansa mai auna rabon iska da mai, irin Bosch LSU 4.9, tana ajiye log a cikinta ko ba laftof, kuma zata iya yanke bust ko ta tsayar da injin in matsin mai ya faɗi ko matsin baƙin mai ya faɗi ko ruwa yayi zafi ko iska ta fi mai yawa. Sannan ta iya riƙe karto biyu da maɓalli, ɗaya na man gidan mai ɗaya mai sanyi na ranar da dole ta sa ka sha na kwalba tsakanin Figil da Marwa. Wuta a salansa da ƙarar harbi da samari ke so ba sa cikin lissafi, turbo suke ci.

Sensar MAP, mai auna matsin iskar da ke shiga injin, ita ma a kula, mai ba 3 tana karanta bust har ba 2 ne don ba ɗaya na iskar duniya ne. Kuma in kana hawa Ngaundere da ke sama da mita 1,000, iskar can ta fi ta Garwa sauƙi da kusan kashi 10 cikin 100, turbo zai ƙara gudu kafin ya bada matsi ɗaya, ka faɗa wa mai karto ya lissafa da wannan.

Sai hanyar mai. Lissafin injekta mai sauƙi wanda nake yi a ƙasa da tsinke: dokin da kake so sau 8, ka raba da yawan silinda, abin da ya fito shi ne cc na kowace injekta, kuma wannan ya riga ya bar ta tana aiki kashi 80 cikin 100 kawai. Doki 400 a silinda huɗu cc 800 kenan, a silinda shida wajen 530. 2JZ na Japan da 440 yake zuwa, kaga tun kafin 400 sun cika. Ka sayi injekta masu takardar bayanin lokacin buɗewarsu a kowane ƙarfin batir, babu wannan takardar silo, wato aikin injin mota na tsaye ba a taka ba, ba zai taɓa zama daidai ba, kuma jabu sun cika kasuwa, a Kamp Yabasi na Duwala ko Ƙofar Ruwa ta Kano ko intanet duk sai ka buɗe ido. Famfo Walbro 255 na gaske ya isa doki 400 har da rara, amma a ja masa waya mai kauri daga batir da rile nasa, tsohuwar waya na cinye volt ɗaya ko fiye. Regileta na matsin mai ya tsaya a ba 3 kuma ya hau ɗaya bisa ɗaya da bust. A sauke tanki a wanke, zakayi mamakin laka da tsatsar da ke ciki, a sa sabuwar filta kuma a riƙa canza ta da wuri.

Sanyaya injin kuwa anan kar ka yi rowa. Intakula na gaba babba, radiyato sabo mai kauri, fanka da murfinta ba a tsirara ba, in akwai hali a sa mai sanyaya baƙin mai. Dan Allah a bar al'adar nan ta cire kalosta, wato bawul mai daidaita zafin ruwa, a jona fanka kai tsaye a zuba ruwan rijiya, ƙwaƙwalwa na son injin ya zauna a zafi ɗaya wajen 85 zuwa 90 kafin lissafinta ya daidaita, ruwan rijiya kuma gishirinsa ke toshe radiyato. Filtar iska kar a sa buɗaɗɗiya a gefen salansa tana shan zafi, a yi mata akwati, kuma ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana cin fankar turbo kamar sanfefa in filtar bata da kyau. Buji a sauka mataki ɗaya zuwa mai sanyi, a NGK lamba mafi girma ita ce mafi sanyi, daga 6 zuwa 7, a matse bakinta wajen milimita 0.7.

Yanzu kuɗi. Duk abin da ka gani da yuro ka ninka da 656, don sefa a ɗaure take, yuro ɗaya 655.957. Ƙwaƙwalwa irin EMU Black ta ECUMaster wajen yuro 1,000 take, wato sefa dubu 656 tun tana can, kafin kuɗin jirgi da duwan da TVA na kashi 19.25. Kuma akwatin kaɗai kenan, feso na wayoyi da sensa da waidiban da solenoyid da ladan mai karto suna iya kai wani kuɗin akwatin. Wannan ne mutane ke mantawa. Yadda nake raba wa mutane, a kowace sefa 100: 30 ƙwaƙwalwa da wayarin da karto, 15 hanyar mai, 15 sanyaya, 20 ambiriyaj da birki da taya, 20 a ajiye kar a taɓa. In miliyan huɗu gareka kenan miliyan 1.2, dubu 600, dubu 600, dubu 800, da dubu 800 a gefe. Zaka ce ina turbo? Babu shi a zagayen farko. Da turbon asali da salansa mai faɗi da karto mai kyau motar zata canza har ka kasa gane ta, ka hau ta wata shida ka san halinta, sannan ka tara na turbo da manifol da westiget (ƙofar da ke kaucar da hayaƙi daga turbo don iyakance bust), lokacin duk abin da zai ciyar da shi yana nan a shirye, karto kawai za a sabunta. Kuɗin gefen nan kuma zai fita, ko tiyo ya fashe ko koyil ta mutu ko kaya su kwana a duwan. Ka lissafa da cewa a Fabrairun 2024 lita ta kai sefa 840 a gidan mai kuma mota mai doki 400 in ana taka ta sha take ba wasa.

Birki ba'a jinkirta shi. Faya-fayai masu kyau, sabon man birki DOT 4 ko 5.1, taya sabbi masu kwanan wata na kusa ba 'yan gwanjo da suka bushe ba. Hanyarmu akwai shanu akwai 'yan mashin akwai ramuka, kuma yaran mutane na tsallakawa.

Ranar haɗawa a ba mai wayarin lokaci, kar a tsaya masa a ka. Wayar sensar karanshaf da ta kiliketi su zama masu rigar kariya kuma nesa da koyil da altaneta, as, wato wayar negatif, na sensa ya koma ƙwaƙwalwa ba jikin bodi ba, as na injin ya zama mai kauri an kankare fenti. A matse mahaɗa da filaya ta matsewa a sa roba mai tsukewa da zafi, banda murɗawa da salatef. Kafin a tayar a duba laftof injin na sanyi, zafin ruwa da na iska su yi kusa da zafin gari, MAP ya nuna wajen 98 ko 99 kPa in a Garwa kake, totur ya tafi daga 0 zuwa 100. A cire fis na famfon mai a juya injin a haska fitilar taimin a fuli, abin da fitila ta nuna ya zama daidai da abin da laftof ya faɗa, in akwai bambancin digiri biyar duk karton ya karkace da digiri biyar. A toshe bututun iska a hura masa iska da kwamfireso a fesa ruwan sabulu a nemo yoyo.

Sannan a fara da bust mafi ƙasa, wanda spring ɗin westiget kaɗai ke bayarwa, solenoyid a cire. Silo da tafiyar gari tukuna, lamda 1 wato kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, kwana biyu uku ana ɗaukar log. In za a taka a samu miƙaƙƙiyar kwalta da ba kowa da sassafe, mutum biyu, ɗaya na tuƙi idonsa a hanya ɗaya na riƙe da laftof, giya ta uku daga rpm 2,500, ja ɗaya a tsaya a karanta. Cikin bust lamda ta zauna 0.78 zuwa 0.80, wato wajen 11.5, in ta haura 0.85 ko aka ga alamar kiliketi a ɗaga ƙafa nan take ba sai an gama jan ba. A tura log, a jira gyara, a ƙara bust ba 0.1 ko 0.2 a lokaci guda. In an gama da sanyin safiya a sake ɗaukar log da ƙarfe biyu na rana da kilim a kunne bayan motar ta tsaya cikin go-sulo na babbar kasuwa, don a ga zafin iskar da ke shiga, a sa ƙwaƙwalwa ta fara janye wuta da rage bust in ya wuce 55 zuwa 60. Wanda akayi wa saiti cikin sanyin Janairu ya sake tura log ɗaya a Afrilu kafin ya ɗau hanyar falez.